Matakai uku ko matakai goma: wanne fuska ta fi buƙata?

'Yar uwa, na ga tambayarki tun jiya. Kin ce goshinki da hancinki suna maiƙo, kumatu kuma a bushe, ƙuraje suna fitowa jefi-jefi su tafi su bar miki baƙin tabo. Kin ga masu yin matakai goma irin na Koriya ta Kudu, kin kuma ji masu cewa uku sun isa, shi ne kike son sanin wanda za ki bi. Na taɓa yin duka biyun, don haka bari in jera miki su kafaɗa da kafaɗa. Tun yanzu ki sani ni 'yar uku ce, sai dai goman ma akwai inda ta fi.

Ukun dai su ne ki wanke fuska, ki shafa mai riƙe danshi, ki ɗora man kariyar rana in da safe ne. Da dare biyun farko kawai. Goman kuwa ta fara da man narkar da kwalliya, sai abin wanki mai kumfa, sai abin cire matacciyar fata, tona (ruwan da ake shafawa bayan wanki), wani ruwa da suke kira esens, siram, takardar nan mai jiƙe da ake mannawa a fuska, man gefen ido, man shafawa, sannan na rana. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ko masu wannan tsari ba kullum suke cika goman ba. Cire matacciyar fata da manna takarda, sau ɗaya ne ko biyu a mako.

A wajen wanki, ba yawan wankin ne abin dubawa ba, abin da kike wankin da shi ne. A ma'aunin tsami da ake kira pH, fata mai lafiya tana tsakanin 4.5 da 5.5, sabulun wanka na gama-gari kuwa yakan kai 9 ko 10. Shi ya sa in kin wanke fuska da shi sai ki ji ta ɗaure tamau kamar fatar ganga, ki ɗauka tsabta ce, alhali man da ke kare ta ne ya kwashe. Abin wanki mai laushi guda ɗaya, safe da dare, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da yatsunki, ya wadatar. Ban da soso. Wanki biyu na masu goma yana da rana a daren da kika yi kwalliya mai nauyi, ko kika shafa man rana irin wanda ruwa ba ya wankewa, domin mai shi ke narkar da mai. Ranar da fuskarki ba ta ga hoda ba, wanki na biyun ɓata lokaci ne.

Sai maganar danshi, inda goman ta fi tara kwalabe. Ki ɗauki tona da esens da takardar mannawa ki juya bayansu ki karanta. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma sau da yawa za ki tarar ruwa ne a gaba, gilisirin na biye da shi. Wato abu kusan iri ɗaya kike ta shafawa hawa-hawa. Yana da daɗi, ban musa ba, fuska takan yi ɓul-ɓul na 'yan sa'o'i. Amma man shafawa guda mai gilisirin da seramaid yana yin wannan aikin. Tunda fatarki gauraye ce, ki nemi marar nauyi, ki ɗan ƙara a kumatu, ki rage a goshi. Kada maiƙon ya sa ki daina shafa mai gaba ɗaya. Man gefen ido kuwa, yawancinsa man shafawa ne aka zuba a ƙaramar kwalba.

Inda goman ta yi wa ukun fintinkau shi ne siram, domin nan ne ake saka sinadaran da ke magani. Ukun suna kiyaye fata ne, ba sa warkar da ƙuraje. Asid ɗin salisilik, kashi 0.5 zuwa 2 cikin ɗari, yana narkewa cikin maiƙo, don haka yana shiga ƙofofin fata ya buɗe waɗanda suka toshe. Benzoyil feroksaid yana kashe ƙwayoyin cutar da ke hura ƙurji, kuma mai kashi 2.5 yana aiki kusan daidai da mai kashi 10 amma bai kai shi ƙona fata ba. Shi dai ki kula da shi wajen tufafi, ni tawul biyu ya koɗar mini da rigar filo kafin in gane shi ne. Niyasinamaid, wanda wani nau'i ne na bitamin B3, yana taimakawa wajen maiƙo da tabo, kuma ba shi da zafin hannu. Sai dangin retinol, wato dangin bitamin A, waɗanda suka daɗe a hannun likitoci: tun 1971 aka amince da ɗaya daga cikinsu, tiretinoyin, a Amurka don maganin ƙuraje. To amma a cikin duk waɗannan, ɗaya kike buƙata a lokaci guda. Uku da ɗaya huɗu ke nan, ba goma ba.

Dalilin da ya sa nake nanata ɗayan nan shi ne na taɓa cin wuya. Kwalabe bakwai na fara a mako guda, ciki har da asid iri biyu da retinol. Kwana goma ba su cika ba fuskata ta yi wani sheƙi marar kyau kamar an naɗe ta da leda, gefen hancina yana saɓa, ruwa zalla ma in ya taɓa ni sai raɗaɗi. Na zauna gaban madubi ina kallon kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya, na rasa wadda zan ɗora wa laifi. Dole na ajiye su duka, na koma wanki da mai kawai har wata guda. Garin neman gira na kusa rasa ido. Mai matakai uku in fuskarta ta yi bore, cikin kwana biyu za ta gano mai laifin. Mai goma sai dai canki-canki.

Kuma wannan ya fi shafar masu duhun fata. Duk abin da ya fusata fatarmu, ƙurji ne ko dirza ko sinadari mai zafi, ƙwayoyin da ke samar da launi sukan mayar da martani da ƙarin baƙi a wurin. Jan da ke gushewa a fatar wata cikin mako guda, mu yana iya zame mana tabon watanni. Kin ga ke da kike gudun tabo, kowace sabuwar kwalba caca ce. Matse ƙurji da farce ma haka.

Man rana shi ne mataki na uku a nan, na goma a can, kuma shi aka fi tsallakewa a duka biyun. Ba don tsoron yin baƙi ake shafa shi ba. Tabon da kike son ya dishe, rana ce ke ƙara masa duhu kullum, sai ki zama kina gini da dare ana rushewa da rana. SPF ita ce lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikin man. Mai lamba SPF 15 yana tare kusan kashi 93 na UVB, hasken ranar da ke ƙona fata, mai 30 kashi 97, mai 50 kashi 98, don haka 30 ya isa muddin an rubuta yana tare UVA ma, wato hasken ranar da ke tsufar da fata. Matsalar tana wajen yawan da ake shafawa. Ana gwada lambar nan ne da miligiram 2 a kan kowace murabba'in santimita na fata, mu kuwa ɗan ɗigo muke lakatowa. Ki matsa shi tsawon yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, shi ne kimanin na fuska da wuya. In kina waje cikin rana ki sake bayan awa biyu. A garin Nambour na Ostareliya an bi mutum 903 'yan ƙasa da shekara 55 har tsawon shekara huɗu da rabi, aka wallafa sakamakon a 2013: masu shafawa kullum, tsufan fatarsu ya gaza na masu shafawa in sun ga dama da kashi 24 cikin ɗari. Masu hasken fata ne akasarinsu, amma darasin yin abu kullum bai bar kowa ba. In kin gwada wani man rana ya mayar da ke toka-toka, zink oksaid ne ko titaniyam a ciki. Ki nemi mai ɗan launi irin na hoda, domin sinadarin ƙarfen da ke ba shi launin yana tare har hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo.

Sauran bambancin na jimiri ne. Fata takan ɗauki kusan mako huɗu kafin ta sabunta kanta, maganin ƙuraje kuma sai ya yi mako shida zuwa takwas kafin a fara ganin aikinsa. Abin da za ki iya yi cikin minti uku ranar da kika dawo a gajiye, shi ne zai kai wannan wa'adin. Duk man da ya haska ki cikin kwana biyar kuwa, ki yi zarginsa. Irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wanda ke sirantar da fata ya fito da jijiyoyi, ranar da kika daina kuma ƙuraje su taso gaba ɗaya.

Da ni ce ke, ukun zan riƙe zalla na wata guda. Daga nan in ƙara salisilik da dare sau biyu a mako, bayan na gwada shi a lanƙwasar gwiwar hannu na kwana bakwai zuwa goma na ga bai yi mini komai ba. In ƙurajen sun lafa tabo ya rage, sai a shigo da niyasinamaid. Retinol shi ne na ƙarshe, da dare kawai, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, kuma in kina da ciki ko kina neman samu ki bar shi tukuna. In kuwa ƙurajen manya ne masu zurfi da ciwo, irin masu barin rami, kada ki jira duk wannan, ki tafi wajen likitan fata da hoton bayan duk kwalbar da kike shafawa.