Ruwan saman da ke shaƙuwa duk bayan daƙiƙa 52

Wata uku ke nan da na biya kuɗin manhajar nan ta waya mai kunna sautin rufe hayaniya lokacin karatu, wadda ɗaliban Jami'ar Jos ke ta tura wa juna in jarrabawa ta matso. Da a makon farko aka tambaye ni, cewa zan yi a saya ido rufe. Yanzu kam sai na ɗan ja baki.

Abin da ta iya, ta iya shi. Duk mai zama a Unguwar Rogo ko gefen titin Bauchi ya san matsalar dare ba ta wuce janaretan maƙwabci da hirar matasa a bakin shago ba. Manhajar ta kasa sautin "shuuu" ɗinta gida uku da sunayen launi: fari, ruwan hoda, da ruwan ƙasa. Farin tsini gare shi, kamar rediyon da ta kauce wa tasha, minti 20 ya isa ya gajiyar da kunne. Ruwan ƙasan shi ne maganin janareta, domin ƙarfinsa a ƙasa yake, kuma ƙaramin injin da ke juyi 3,000 a minti gurnaninsa a ƙasan yake, sai ɗaya ya haɗiye ɗaya. Muryar mutane kuwa sai hoda, don ruwan ƙasa ba ya kai wa inda sautin baƙaƙen haruffa na magana yake. Sharaɗi ɗaya ne: a sa iyafis mai robar da ke toshe kunne. Lasifikar waya ba ta iya fitar da kaurin sauti, ta nan duk ukun kusan abu guda za ka ji.

Ga wanda ba ya son kiɗa ma an huta, akwai ɓangaren da babu goge babu fiyano. Ya fi dabarar da wasu ke yi ta kunna ƙira'a a ƙasa-ƙasa suna bitar lissafi. Aya ta 204 a Suratul A'araf cewa ta yi in ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru. Ban da haka, duk sautin da ke ɗauke da kalmomin da ka sani, waƙar Hausa ce ko wa'azi, ƙwaƙwalwa sai ta bi su, layin da ke gabanka ya tsere.

To, ga inda aka ɓata min rai. Sautin ruwan sama, wanda shi masu manhajar suka fi tallatawa, kuma shi ke cikin kason masu biya, ba ruwa ne na awa guda ba kamar yadda lambar da ke jikinsa ta nuna. Guntu ne na daƙiƙa 52 da ake ta maimaitawa. Na auna da agogo sau goma, bai taɓa saɓawa ba. Wajen daƙiƙa ta 30 akwai ɗigo ɗaya mai faɗawa kan wani abu kamar gwangwani, "tan", a ƙarshe kuma sai ruwan ya ɗan ɗauke kamar mai shaƙuwa, sannan ya dawo. Kwana huɗu na farko ba za ka lura ba. Ranar da kunne ya kama shi, an gama: maimakon karatu, jiran "tan" ɗin kake yi. Amfanin irin wannan sauti gaba ɗaya shi ne a manta da shi, nasu kuwa sallama yake yi maka kusan sau 70 a awa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fayil ɗin MP3 yakan zo da ɗan shiru a farkonsa da ƙarshensa, in ba a lulluɓe wutsiyar da kan ba, wato ɗaya na lafawa ɗaya na tasowa, dole a ji ɗinkin. Aikin rabin awa ne ga wanda ya san sana'arsa. Kuma mutumin Jos za a yi wa ƙaryar ruwa? Mu da muka san yadda na Agusta ke dukan kwano, yana tsananta yana sassautawa, ba ya taɓa maimaita kansa. Na rubuta musu, amsar da ta zo ita ce in goge manhajar in sake saukewa. Na yi. Shaƙuwar na nan.

Akwai 'yar dabara: a ɗora launin ruwan ƙasa a kan sautin ruwan saman, launin a kashi 70, ruwan saman a 30. Launukan nan uku na wannan manhaja ba su da ɗinki, sai su rufe ramin. Amma "tan" ɗin yana leƙowa duk da haka, kuma launukan kyauta ne, ka ga kuɗin nawa me ya saya ke nan?

Tunda an taɓo kuɗi, sai data. In ba a sauke sautin a waya ba, a ingancin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit 58 a awa. Awa huɗu kullum, wata guda ya doshi gigabayit 7. A kan guntun da bai kai minti ɗaya ba! A sauke tun da rana. A kuma cire manhajar daga jerin waɗanda tsarin tattalin batir ke kashewa, in ba haka ba allo na mutuwa sautin zai bi shi.

Ƙarar kada ta wuce kashi 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi iyaka a desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 40 a mako, kuma sautin da ba ya hawa ba ya sauka yana da yaudara, za ka yi ta ƙarawa ba ka sani ba. Agogon da ke ciki, mai yanke sauti bayan minti 25 ya ba ka hutun 5, yana aiki lafiya, sai dai ka saita shi da kanka gab da Asuba, don da robar nan a kunne ladan ma ba za ka ji ba.

Na kashe sabunta biyan da ke cirar kuɗi da kansa. Ruwan ƙasan yana nan a wayata. Wanda zai biya, ya fara kunna ruwan saman a kwanakin gwaji, ya rufe ido minti biyar, agogo a hannu.