Masu yashe kwatar da muka ɗauka a layinmu bana

A Haɗeja, da zafin bazara ya kankama a watan Afrilu, hankalin magidanta ya koma kan ruwa tun hadari bai haɗo ba. Garinmu a kwari yake, ga kogi a gefe. Ruwan madatsun Tiga da Challawa ta nan yake bi, ciyawar kacala kuma ta cushe masa hanya, kuma duk wanda ya ga yadda aka kwana ana ɗaura buhunan yashi a kan jinga a 2022 ba sai an yi masa bayani ba. Sai dai ni ruwan da ya saba shigar mini shagon ɗinki daga kwatar ƙofar shagon yake tasowa. Bara sai da na ɗora keke a kan bulo.

Da aikin gayya muke yi, to gayyar ta yi sanyi. Matasa suna makaranta ko kasuwa, mu kuma baya ya fara ƙi. Shi ne mai unguwa ya kawo shawarar a ɗauki wasu samari da suka mai da yashe kwata sana'a. Gida 22 ne a layin, kowane gida ya ba da naira 4,000, mu masu shago muka ƙara dubu biyu-biyu.

Su shida suka zo bayan sallar asuba, da shebur da diga da manjagara da baro biyu, da wani dogon ƙarfe mai ƙugiya a baki. Abin da ya fara burge ni, babbansu bai bari kowa ya taɓa shebur ba sai da ya taka layin daga farko har ƙarshe yana duba inda ruwa ke gangarawa. Daga can ƙasa suka fara, inda kwatarmu ke zuba cikin babban lambatu, suna yin sama. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Baba, in muka buɗe sama tukuna, ruwan da ya kwanta zai taho ya tarar da toshiya, sai ya malale muku a ƙofar gida." Shekara nawa muna gayya, daga bakin masallaci muke farawa, don kawai nan ake taruwa.

A kwalbatin mahaɗa aikin ya yi tsanani. Suka ɗaga murafun kankare uku, ƙaraminsu ya shiga a durƙushe da igiya a ƙugu. Ledojin ruwa suka fito baro-baro, da robobin lemo, da wani ɓarin tsohuwar katifa da ya sha ruwa har mutum biyu ne suka ja shi. Amma yashi ya fi komai yawa, wanda iskar hunturu da tayoyi suka yi ta turawa ciki, ya daskare kamar daɓe, ya cinye fiye da rabin zurfin kwatar. Nan ne masu ha'inci ke tsayawa, su kwashe ledar sama su karɓi kuɗi. Waɗannan sai da na ji bakin shebur yana kartar siminti. Da suka gama, suka tare wani ɗan ga-ruwa aka juye jarka huɗu daga saman layi, muka bi wani karan dawa da ido yana tafiya har ya faɗa lambatu bai tsaya ko'ina ba.

Ramin da ke tsakiyar titi ba ya cikin ciniki, amma sun cike shi da fasassun bulo da burji, suka daddaɓe. Babban nasu bai ɓoye mana ba, ya ce wannan cikon ba zai wuce damina ɗaya ba, tunda ruwan da ke kwanciya ya riga ya ci ƙasan kwaltar. Sun kuma rage rassan darbejiyar dandalin da yara ke wasa.

Inda suka ɓata mini rai shi ne dagwalon da suka fitar. Sun jera shi tsibi-tsibi a bakin kwatar suka tafi, suka ce sai ya tsane zai kwasu. Wannan gaskiya ne, kwana ɗaya ko biyu. Kwana huɗu ya yi. Awaki suka tona, masu adaidaita suka bi ta kai, iska ta fara mai da ledojin inda aka ciro su, mai shayin kusa da ni kuwa wari ya kore masa mutane. Da muka kira, suka ce kwashewa ba ta cikin jingar da aka yi. Mu ma da laifinmu tunda ba mu tambaya ba, amma su da suka san aikin ya kamata su faɗa tun farko. Sai da muka sake yin karo-karo aka kira mai amalanke. Da ruwa ya sauka a kwanakin nan, kuɗinmu ya bi kwata.

Wani abin kuma, biyu ne kawai cikinsu ke da dogon takalmin roba, safar hannu babu ko ɗaya. Kwalba ta yanki yaron da ya shiga kwalbatin a dunduniya, ni na kai shi aka wanke ciwon aka yi masa allurar tetanus. Wannan ya tsaya mini a rai, domin bai fi sa'ar autana ba. Murfi ɗaya ma ba su zaunar da shi daidai ba, yana girgiza in babur ya hau, sai da suka dawo suka gyara, kuma ba su nemi ko sisi ba.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a watan Yuni, da dare. Na fito da tocila, na tarar kwatar tana gudu, dakalin shagona ko jiƙewar kirki bai yi ba. Agusta ce za ta gwada aikin sosai, shi ya sa muka ce su dawo tsakiyar Yuli su sake bi. A wannan karon mai unguwa zai rubuta a takarda: kwashe dagwalo cikin kwana biyu, mai da murafu yadda aka same su, kuma duk wanda zai shiga kwalbati sai da takalmi da safa, ko da mu za mu saya.