Gahawar YUS: tana biyan kuɗinta idan an iya dafa ta

Daga tsaunukan Huon, a lardin Morobe na Papuwa Niyu Gini, ake noman wannan gahawa. A dazuzzukan nan ne kangarun bishiya na Matschie ke rayuwa, dabba mai jan gashi da doguwar wutsiya, wadda ke rainon ɗanta a jakar cikinta. Kiyasi ya nuna manyansu da suka rage a daji ba su kai 2,500 ba. A 2009 masu ƙasar suka ware dazuzzukansu aka kafa yankin kariya na YUS, wanda sunansa ya fito daga haruffan farko na kogunan Yopno, Uruwa da Som. Daga baya kamfanin gahawa na Caffe Vita da ke birnin Seattle na Amurka ya fara sayen gahawar manoman, da haɗin gwiwar gidan namun dajin Woodland Park. Mun yaba da wannan tsari, don manomin da gahawa ke riƙe masa gida ba ya matsa wa daji da sara ko farauta.

Nau'in Arabika ce da ake nomawa a inuwa. Babu titin mota zuwa ƙauyukan, sai ƙaramin jirgin sama ke fitar da buhuna, shi ya sa take da tsada kuma ba koyaushe ake samunta ba. Yankin na da damshi sosai, kuma ƙwayar da ba ta bushe ta sauka zuwa kusan kashi 12 cikin ɗari na ruwa ba takan yi warin rima. A shinshina kafin a niƙa, a kuma duba ranar da aka soya ta.

Wajen dafawa ne mutane ke ɓata ta. Giram 15 na gari a ruwa mililita 250. Niƙa matsakaiciya, kamar tsakin masara mai laushi. Idan ruwan ya tafasa, a sauke shi ya huce na rabin minti, ya dawo digiri 92 zuwa 94. A fara jiƙa garin da ruwa kaɗan na daƙiƙa 30 har ya kumbura, sannan a zuba sauran a hankali. Duka kada ya wuce minti 4. Garin da ya yi laushi ainun ko ruwa mai tafasa yana fito da ɗaci, niƙa mai gautsi kuwa tana barin tsami da ruwa-ruwa.

Ga wanda zai cika ta da madara da sukari cokali uku, gahawar gwangwani ma ta wadatar. Wannan ba a haɗa ta da komai, kuma a ajiye ƙwayar a mazubi mai murfi, nesa da zafin murhu.