Famfo, allura ko tiyata: wanne za ka saya don gwajin zuciyar ɓera?

Mai son ganin yadda adrenalin ke cinye tsokar zuciya, sai ya fara zaɓar hanyar da zai sa wa ɓera ciwon. Abin da ake nema ɗaya ne: a yi ta tsokanar makarɓan beta-1, wato wuraren da adrenalin ke kamawa a jikin ƙwayoyin zuciya, har cAMP, sinadarin da ke isar da saƙon cikin ƙwayar, ya hau, kalsiyam ya yi wa ƙwayoyin tsoka yawa, bangon zuciya ya yi kauri, wasu ƙwayoyin su mutu tabo ya maye gurbinsu.

Ni dai isoproterenol nake saye, maganin da ke kwaikwayon aikin adrenalin, in zuba shi a ɗan famfon da ake dasawa ƙarƙashin fatar baya. Famfon Alzet samfurin 1002 bai fi ƙwayar kafso girma ba, ba shi da batir, ruwan jikin dabbar ne ke shiga ya turo maganin a hankali har kwana 14. Ga ƙananan ɓeraye an fi sa miligiram 30 kan kowane kilo a rana. Abin da ya sa na riƙe shi: maganin na taɓa beta-1 da beta-2 duka, beta-2 kuwa saki yake sa jijiyoyin jini su yi, don haka kaurin da ka gani ba hawan jini ne ya kawo shi ba. Ga shi ba ka damƙar ɓera kullum, alhali damƙar kaɗai na tayar masa da nasa adrenalin ɗin.

Allurar isoproterenol mai ƙarfi, wadda masanin kimiyya George Rona ya nuna a 1959, tana da araha, sai dai kashe tsoka take yi farat ɗaya, ɓeraye kuma su yi ta mutuwa. Ɗaure babbar jijiyar jini irin na masani Rockman a 1991 amsar wata tambaya ce daban, ta yadda matsin jini ke kaurara zuciya, kuma sai mai hannun tiyata. Ɓerayen da aka ƙara wa makarɓan beta-1 ta gado kuwa, watanni za ka yi kana ciyar da su kafin zuciyar ta gaza.

Amma fa famfo ba ya gyara ruɓaɓɓen magani. Na taɓa sayen isoproterenol a hannun wani dillali saboda sauƙin farashi, na manta araha ba ta ado. Da na narka shi sai ruwan ya ɗan yi ja-ja, na ce ba komai. Mako biyu suka wuce, zukatan lafiya lau, kamar ruwan gishiri na ba su. Iska da haske ne ke lalata shi, launin nan shi ne shaidar. Tun daga ranar ba na karɓar kwalba sai da takardar gwajin inganci, kuma lambar rukunin da ke kanta ta yi daidai da ta jikin kwalbar, don akwai masu haɗo takardar wani rukunin. Ka narka maganin da ɗan asid askobik, wato bitamin C, a ranar cika famfo, ka rufe shi daga haske. Washegarin dasawa ka auna bugun zuciya; in bai hau ba, kada ka jira mako biyu.

Haka ma ɓeran. Mai sayarwar da ya rubuta maka "C57" kawai a matsayin sunan jinsin ɓeran, ka tambaye shi reshen 6J ne ko 6N. Na 6J yana da tawaya a wata ƙwayar gado mai suna Nnt, don haka zukatan rassan biyu ba sa amsa wahala iri ɗaya, a ido kuwa duka baƙaƙe ne.