Aplikasiyon na akorde gita: wanne ya kamata ka sa a wayarka?

Ƴan uwa masu gita a nan Damagaram, kafin ka ƙona forfe ɗinka wajen sauke aplikasiyon na akorde, wato na daidaita sautin tsirkiya, fara duba abin da kake kaɗawa, don wanda ya yi wa mai gita daidai ba lalle ya yi wa mai gurmi ba.

In sabon koyo ne kai, GuitarTuna ya fi sauƙi. Yana nuna maka hoton kan gita da tsirkiya shida, ka taɓa ɗaya ya gane ta da kansa ya ce ka ƙara ko ka sassauta, har ta zauna. Akorde na kullum, Mi La Re Sol Si Mi, kyauta ne, a waya za ka gan shi E A D G B E. Matsalarsa yana da nauyi a ƙaramar waya kuma abubuwa da yawa a kulle suke sai ka biya da katin banki, abin da yawancinmu ba mu da shi. Fender Tune ma kusan haka yake aiki, kuma kana iya sa shi ya buga maka sautin tsirkiyar ka bi da kunnenka, wannan ni ina son shi sosai don yana horar da kunne.

To amma mai gurmi, garaya, molo ko goge, wannan hoton gitar ba abin da zai tsinana maka. Kai kromatik za ka nema, wato wanda ke faɗin sunan duk sautin da ya ji, kamar gStrings ko BOSS Tuner. Kuma don Allah kar allurar da ke nuna sauti a fuskar wayar ta ruɗe ka, su waɗannan aplikasiyon an gina su ne kan La ta 440 Hz, wato ma'aunin sauti irin na Turawa, mu kuwa makaɗanmu da muryar mawaƙi suke daidaita tsirkiya, so da yawa sautin zai faɗo tsakanin biyu allurar ta tsaya a karkace, ba kuskure ba ne. Abin da nake ba da shawara, ka daidaita da kunne yadda ka gada wajen maigidanka, sannan ka duba inda allura ta tsaya ka rubuta. Gobe in hunturu ya busar da fata ta ɗaure sauti ya hau, ko damina ta sa ta saki, kana da inda za ka koma. Goge kam sai ka ja izga a hankali ba tsayawa kafin wayar ta kama.

Sai maganar hayaniya. Duk waɗannan da mikro na waya suke ji, a ɗaki lafiya lau, amma a wurin biki a Birni ko Zango, ga janareta ga kalangu ga guɗa, allura rawa kawai za ta yi ta yi. Mai fita wasa ya sayi ɗan akorder da ake maƙalawa a kan gita, shi girgizar itace yake ji ba iska ba, yawanci da pil CR2032 yake aiki, ka riƙa ajiye guda a aljihun jakar gitar.

Da za ka sauke, duba nauyinsa tukuna, sannan ka kashe koneksiyon ka gwada ko yana aiki haka nan. Kuma in kana murɗawa, lura da wace Mi yake nuna maka, ta ƙasa ko ta sama, sababbin koyo da yawa a nan suke tsinke siririyar tsirkiya.