Katin besbol na roba mai sa hannu: abin ajiyewa ne, amma a saye shi ido na gani

Kwalin Topps Clearly Authentic kati ɗaya tak ne a cikinsa. Ba tarin katuna, ba cingam irin na da. Ka ɓare kwalin, sai ka tarar da kati guda a rufe cikin gidan roba mai tauri, an liƙe bakin gidan da hatimin kamfani. Girmansa irin na sauran katuna ne, inci 2.5 a faɗi, 3.5 a tsawo, amma ba da takarda aka yi shi ba. Da asetet aka yi shi, wata roba garai-garai da ake hango abin da ke bayanta, kuma ɗan wasan da hotonsa ke jiki shi ya sa hannu a kai da alƙalaminsa. A 2017 kamfanin ya fara fitar da wannan samfurin. Na jima ina tara irinsa a nan Bronx, cikin birnin New York, inda nake zaune, tafiyar ƙafa kaɗan daga filin ƙungiyar besbol ta Yankees da ke titi na 161, kuma ra'ayina a kansa bai sauya ba: a duk katunan da ake sa wa hannu, ban ga wanda ya fi shi fito da kyan sa hannu ba. Sai dai yana da halinsa, kuma yadda ake sayar da shi a rufe abu ne da nake so 'yan uwa su yi tunani a kai kafin su zaro kuɗi.

Ga wanda ke gida bai saba da harkar ba, tara katunan 'yan wasan besbol tsohuwar al'ada ce a Amurka. Topps asalinsa kamfanin cingam ne da aka kafa a Brooklyn a 1938, katunansa na 1952 kuwa su ake ɗauka a matsayin tushen katin zamani. A cikinsu ne akwai na Mickey Mantle, shahararren ɗan wasan Yankees, wanda aka yi gwanjon guda ɗaya mai tsafta a watan Agustan 2022 kan dala miliyan 12.6. A farkon 2022 ɗin ce kuma kamfanin Fanatics ya saye ɓangaren katuna na Topps. Wannan kasuwar manya ce. Irinmu masu albashi muna can ƙasa, muna neman katin ɗan wasan da muke ƙauna a farashin da ba zai taɓa kuɗin haya ba.

Wanda na fi so a cikin nawa shi ne na Don Mattingly, wanda ya yi wa Yankees wasa daga 1982 zuwa 1995, ya kuma zama gwarzon rukuninsa a 1985. An yi katin a tsohon zane na shekarun 1980, amma duk inda da can farar takarda take, yanzu fili ne garau. Hotonsa na tsakiya an buga shi da kauri, ba ya nuna baya, sa hannun kuma shuɗi ne, ya ratsa ta kan rigarsa ya fita zuwa inda babu komai. In na ɗaga katin ɗan nesa da farar takarda a ƙarƙashin fitila, sai inuwar sa hannun ta faɗa kan takardar, layi biyu ke nan, na tawada da na inuwa. In na juya bayansa, ga rubutun nan a birkice, har ana gane inda ya danna alƙalami da inda ya ɗaga. Katin takarda ba zai taɓa ba ka wannan ba. Na sha nuna wa baƙin da ko dokar wasan ba su sani ba, kuma kowa sai ya karɓa ya ɗaga shi wajen taga.

Akwai wani abin da ya fi kyan gani muhimmanci a wurin masu tarawa. Katuna da yawa da ake cewa masu sa hannu ne, ɗan wasan bai taɓa riƙe su ba. Ana aika masa fallayen sitika ne ya yi ta sa hannu, daga baya a ɓamɓaro a manna a jikin kati. Sa hannun nasa ne, ba jabu ba, amma sau da yawa za ka ga wutsiyar harafi ta yanke a bakin sitikar, ga kuma murabba'in sitika ya fito ɓaro-ɓaro a kan hoto. A Clearly Authentic kai tsaye ake rubutu a jikin katin. Wannan katin da ke hannunka, shi ne ya wuce ta hannun mutumin. Idan aka tuna da irin su Hank Aaron, mai bugun fitar da ƙwallo 755, wanda ya rasu a Janairun 2021, sai a gane darajar abin. Katunan da ya riƙe ya sa wa hannu sun ƙare ke nan, ba za a ƙara ko ɗaya ba.

To, ga halin robar. Takarda tana shan tawada, asetet ba ya sha. Tawadar tana zaune ne a sama kamar yadda take zama a kan allo, abu kaɗan zai iya taɓa ta. Shi ya sa sa hannu a kan waɗannan katuna bai zama iri ɗaya ba. Wani ya fito cike, shuɗi shar. Wani kuma, in alƙalamin ya fara bushewa ko ɗan wasan ya yi sauri, sai ka ga layin ya yi zara-zara, ko tawadar ta tattaru ɗigo-ɗigo ta bar gurbi a tsakiya. Katuna biyu na mutum ɗaya, shekara ɗaya, lamba kusa da kusa, amma ɗaya ya fi ɗaya kyau nesa ba kusa ba, kuma masu saye sun san da haka, farashin ma yana nunawa. Hasken rana kuma abokin gabar tawada ne. Na ga kati a wani shago da ya daɗe a tagar nuni, shuɗin ya koɗe ya koma ruwan toka, sai ka matso sosai kafin ka karanta sunan. Nawa a cikin akwati suke, a ɗakin da rana ba ta shiga, nakan fito da su in duba in mayar.

Ta fuskar ƙarko kuwa ya fi takarda. Kusurwarsa ba ta lanƙwashewa ko ta yi gashi, danshi ba ya kumbura shi. Amma fuskar tana ƙarzuwa cikin sauƙi, kuma da yake haske na ratsawa, ƙaramin ƙarzane ma ba ya ɓoyuwa. Shatin yatsa haka. Wanda ya taɓa goge irin wannan kati da bakin riga ya san abin da nake nufi. Saboda haka na ji daɗin yadda yake zuwa a gidansa a rufe, kuma ba na ɓalle hatimin. Gidan kansa yakan ƙarzu, don haka nakan saka shi cikin 'yar leda mai manne baki, wadda ake sayarwa da arha a kowane shagon katuna.

Wasu suna ɓalle gidan don su aika katin wurin masu tantancewa, irin su PSA ko Beckett ko SGC, a ba shi maki daga 1 zuwa 10 a sake rufe shi. Beckett har maki daban suke ba sa hannun. Idan katin Aaron Judge ne na 2017, cikakkiyar shekararsa ta farko da ya yi bugun fitar da ƙwallo 52, ko na Shohei Ohtani na 2018, wannan ya kamata, domin maki mai kyau yana ƙara kuɗi sosai. Ga katin da bai kai haka ba, kuɗin tantancewa da na aikawa da jiran da za ka yi ba su biya ba. Hatimin kamfanin ya ishe ni shaida.

Akwai kuma batun launi da lamba. Ban da na gama-gari, ana yin wasu da launi daban, a buga musu adadi a jiki: kore guda 99 ne kacal, ja 50, shuɗi 25, har zuwa wanda shi kaɗai ne a duniya. Mutane na rububin waɗannan. Ni dai a ganina launin yakan cinye wani ɓangare na hasken da ya sa na so katin tun farko, kuma shuɗin sa hannu ba ya fita sosai a kusa da launi mai duhu. Sau da yawa na gama-garin ya fi kyau a ido, ga shi ya fi sauƙin kuɗi.

Wanda yake son roba amma yana son katuna da yawa a kwali, akwai Topps High Tek. Asalinsa Topps Tek ne na 1998, wanda aka yi wa 'yan wasa 90, kowanne da zanen baya iri 90, jimilla 8,100, abin da ya sa tara shi gaba ɗaya ya zama aikin shekaru. An dawo da shi a 2014. Yana da ƙyalli da zane-zane masu ɗaukar ido, yara suna sonsa, amma zanen yakan yi gogayya da sa hannun. Na fi son wanda ya bar wa rubutun fili.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kwalin a rufe ake sayar da shi, ba ka san wanda ke ciki ba. Kamfani ba ya ɓoye wannan, yana fitar da jerin sunayen duk waɗanda suka sa hannu, kowa na iya dubawa. In ka duba kuwa za ka ga manyan taurari kaɗan ne, sauran sababbin shiga ne waɗanda wasunsu bayan shekara biyu ba za a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Kuɗin kwali ɗaya ya kan zarce darajar akasarin katunan da ke fitowa daga ciki, 'yan ƙalilan masu tsada ne ke ɗaga farashin. Haka lissafin yake a duk kwalayen wannan sana'a. An ma ƙara wani salo, inda mai shago zai buɗe kwalaye kai tsaye a bidiyo, kowa ya biya kuɗi a ba shi ƙungiya ɗaya, in katin ƙungiyarka ya fito naka ne, in bai fito ba ka tashi hannu rabbana. Wani dattijo da muke sallah tare, mutumin Kumasi, da na yi masa bayanin wannan, shiru ya yi sannan ya ce, "Ɗana, cinikin biri a sama ke nan. Ka ba da kuɗi sananne, ka karɓi abin da ba ka sani ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Hukuncin abin a addini na malamai ne, amma ni zuciyata ba ta kwanta da shi ba, musamman da na ga samari suna zuba kuɗin aikin mako a irin wannan buɗe kwali da tsakar dare. Na sayi kwalaye a farko, na ji daɗin ɓarewa, ba zan musa ba. Amma katunan da nake alfahari da su duka ɗai-ɗai na saye su, bayan na gan su.

Sayen ɗai-ɗai ma yana son natsuwa, domin wannan kati wuyar ɗaukar hoto gare shi. In an ɗora shi a kan baƙin abu, ƙarzane ya fito amma sa hannu ya ɓace. In an ɗora a kan fari, sa hannu ya fito amma ƙarzane ya ɓuya. Nakan roƙi mai sayarwa ya turo duka biyun, da hoton hatimin bakin gidan. Mai gaskiya ba ya ƙi. Wani ya taɓa aiko mini da kati wanda a hoto lafiya lau yake, da ya iso sai na ga hatimin an ɗaga an mayar, ga wani siririn layi ya ratsa kusa da sa hannun. Na mayar masa, kuɗina ya dawo, amma sai da aka kai ruwa rana. Kafin in yi tayi kuma, nakan duba a eBay nawa aka sayar da irin katin a baya-bayan nan, ba nawa ake nema ba, domin tsakanin biyun akwai tazara. Mafi kwanciyar hankali shi ne kasuwar katuna ta ido da ido, kamar wadda ake ci a White Plains, arewa da nan, inda za ka riƙe katin ka karkata shi a haske, ka yi ciniki kamar yadda muka saba, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama.

Wani ɗan uwa ya tambaye ni ko ya sayi irin waɗannan ya ajiye a matsayin jari. Ban ba shi shawarar haka ba. Farashin katin sabon ɗan wasa yana hawa da sauka ne da yadda yake taka leda, rauni ɗaya a gwiwar hannu ya isa ya karya shi. Na tsofaffin da suka riga suka gama wasa ya fi tsayawa wuri ɗaya, ba ya tashi sama sosai, ba ya kuma faɗuwa warwas. Wanda zai fara, ya zaɓi ɗan wasa ɗaya ko ƙungiya ɗaya da yake bi da gaske, ya nemi na gama-gari mai cikakkiyar tawada da hatimi lafiyayye, ya haɗa da ledar kariya da akwatin ajiya tun ranar farko.