Wasannin karɓa-karɓa huɗu, da wanda nake yawan komawa gare shi

Sau bakwai Matador ya kashe ni kafin na gane inda nake kuskure. Wani ƙwarangwal ne mai takobi da jan mayafi a cikin wasan bidiyon Shin Megami Tensei III na kamfanin Atlus, kuma tun da wuri yake tare maka hanya. Da an fara faɗa sai ya ƙara wa kansa zafin nama, duk sarar da ka kai masa ta faɗa iska. Ni kuwa na saba da wasannin da ƙarfi ke raba gardama, sai na yi ta ƙara mataki ina dawowa ina shan kashi. Ranar da na zauna na nemi dodannin da ke rage wa abokin gaba sauri na sa su a ayarina, na bar kai hari a zagayen farko na shirya ayarina, ranar na kayar da shi. Tun daga nan da ma'auni ɗaya nake auna duk wasan karɓa-karɓa, wato wanda kai da abokin gaba kuke kai hari bi da bi: a ɗan lokacin nan da wasa ya tsaya cak yana jiran umarnina, shin zaɓin da zan yi yana da nauyi, ko duk abin da na danna ɗaya ne?

Da wannan ma'aunin, 'yan gidan Atlus ne a gaba. Tsarin da suka shigo da shi a 2003 mai sauƙin bayani ne. Kowane ɗan ayari yana ba ka damar bugu ɗaya. In ka gano lagon abokin gaba, a ce mai tsoron wuta ne ka watsa masa wuta, rabin dama kawai ka kashe, ka ga ka ci ribar ƙarin bugu. In ka kai hari ka kuskure, dama biyu sun tafi. In kuwa ka jefa masa abin da yake shanyewa ko yake mayar maka, zagayenka duka ya ƙare. Abin da ya fi burge ni shi ne dokar ba ta nuna son kai, yadda ta hau kanka haka ta hau kan dodanni. Ƙananan dodanni uku a bakin hanya suna iya gamawa da kai idan ka shigo da ɗan ayari mai lago a fili.

Persona reshe ne na wannan gida, ya fara a 1996, kuma shi ya fi shiga hannun jama'a. Ya sassauta dokar: ka bugi lago, abokin gaba ya faɗi ƙasa, ka sami ƙarin bugu. A Persona 5, wanda ya fito a Japan a 2016, kana iya miƙa wannan ƙarin bugun ga abokin tafiyarka, ƙarfinsa ya ƙaru. In kun kwantar da su duka sai ku zagaye su, ko dai ku far musu gaba ɗaya, ko ka nemi kuɗi, ko ka lallashi dodon ya dawo ɓangarenka. Ban taɓa ganin wasan da jerin umarninsa kaɗai ke sa mutum nishaɗi kamar wannan ba, ga kiɗan Shoji Meguro yana tafe da kowane motsi. Sai dai rabin wasan ba faɗa ba ne. Kai ɗalibi ne a Tokyo, kalanda tana tafiya rana bayan rana, kuma kowane yammaci dole ka zaɓa tsakanin karatu, aikin ɗan lokaci, zama da aboki, ko shiga fadar mugun da aka ba ka wa'adi a kansa. Wannan ma karɓa-karɓa ne ta wata fuska, kuma ina son sa. Inda ya gajiyar da ni shi ne yawan nanata magana. Abin da aka faɗa a taro sai a sake faɗa a saƙon waya, gobe a sake tuna maka. Wasan yana cin wajen awa 100, kuma a ganina da an rage goma sha biyar daga ciki ba abin da zai ɓace.

Final Fantasy kuwa labarinsa daban ne, domin ba ya zama wuri ɗaya. Hironobu Sakaguchi ya fara shi a kamfanin Square a 1987 da karɓa-karɓa zalla. A 1991, a na huɗu, aka sa wa kowane ɗan ayari ma'aunin lokaci da ke cika a hankali, dodanni kuma ba sa jiran ka gama tunani sai in ka canza saitin. Mutane da yawa suna ƙaunar wannan tsari saboda na shida da na bakwai. Ni ina ƙaunar waɗannan biyun ne saboda labarinsu da kiɗan Nobuo Uematsu, amma faɗansu bai cika kama ni ba, don gaggawar da yake sa ni ba ta ƙara wa zaɓina nauyi.

Na goma, na 2001, shi ne wanda zan miƙa wa duk mai son ya ga iyakar abin da gidan ya iya. An cire ma'aunin lokaci, aka jera sunayen masu bugu a gefen allo, kana ganin wa zai biyo bayan wa. Kafin ka danna umarni sai jerin ya nuna maka yadda zai sauya: hari mai nauyi ya tura ka baya, shan magani ya dawo da kai kusa. Mutum uku ne a fili, amma kana iya sauya ɗaya da na benci ba tare da asarar damarka ba. A cikin 'yan ayarin, Wakka na dodanni masu tashi sama ne, Auron na masu sulke, Lulu ta waɗanda sai sihiri ke taɓa su. Akwai wani faɗa can gaba da Yunalesca inda take sa wa mutanenka cutar da ke mayar da magani guba. Hankali zai ce ka warkar da su nan take. In ka warkar da kowa, sai ta yi wani sihiri da ke kashe duk mai lafiya, masu cutar ne kaɗai ke tsira. Na ajiye madannin na yi shiru ranar da na fahimci haka. Abin da ke damuna shi ne bayan wannan gidan ya kama wata hanya, har na goma sha shida na 2023 ya zama wasan sara da kaucewa kai tsaye. Yana da masoyansa, amma ba shi nake nema ba in na ga sunan.

Pokémon ba zan daɗe a kansa ba. Tun 1996 dokarsa ba ta canza ba: dabbobi shida, kowace da dabaru huɗu. Yanzu nau'o'i 18 ne, irin su wuta da ruwa, dabbobin sun haura 1,000. In kana karawa da mutum ɗan'uwanka, inda ku biyun kuke zaɓa a lokaci guda ba wanda ya san shirin wani, babu wasan da ya fi shi zurfi a cikin huɗun nan. Amma labarin da kake bugawa kai kaɗai da wuya ya tambaye ka wannan zurfin. Shugabannin gidajen horo, manyan abokan karawarka a labarin, galibi nau'i ɗaya suke riƙewa, dabba ɗaya mai rinjaye ta ishe ka. A Sword da Shield na 2019 ma duk ayarin ke samun makin ƙarin ƙarfi ko ba su yi faɗa ba, kuma ba a iya kashe tsarin. Black da White na 2010 ne suka fi kwanta min, don sun hana ka tsofaffin dabbobi har sai ka gama labari, dole ka koyi sababbi 156.

To, duk da abin da na faɗa a kan Atlus, wanda nake komawa gare shi in na gaji shi ne Dragon Quest. Tsohuwar zuma ce. Yuji Horii ya fara shi a 1986, Akira Toriyama yana zane, Koichi Sugiyama yana kiɗa, kuma su ukun sun riƙe shi shekara da shekaru, har Sugiyama ya rasu a 2021, Toriyama a 2024. Faɗa ɗaya a cikinsa ba ya da wuya. Nauyin zaɓin yana cikin tafiyar gaba ɗaya. Ka shiga kogo da ƙarfin sihiri ƙididdigagge, kowace warkarwa tana rage shi, ba ka san saura hawa nawa ba, sai ka tsaya kana lissafi ko ka ci gaba ko ka juya gari. In an kashe ku ba a ƙwace makin da ka tara, sai dai rabin zinariyarka ya tafi. Hukunci ne da ke da zafi amma ba ya karya gwiwa, shi ya sa yaro da babba duk suke iya kai shi ƙarshe. Ga kuma ɗan dodon nan na ƙarfe mai kamar ɗigon ruwa, wanda ke ba da maki masu yawa amma yake arcewa kafin ka taɓa shi sau biyu. Har yau in ya bayyana sai gabana ya faɗi.

Na goma sha ɗaya, na 2017, shi ne ƙofa mafi sauƙi ga sabon shiga, kodayake awoyinsa na farko suna da sanyi, kuma wanda ya saba zai so ya kunna saitin ƙara wa dodanni ƙarfi tun daga farko. Amma na biyar, na 1992, shi ne nawa. Ka fara kana yaro ƙarami kana bin bayan mahaifinka, shi yake yaƙin, shi yake warkar da kai bayan kowane faɗa ba tare da ka roƙa ba. Akwai wurin da wasan ya sa ka kalle shi yana shan duka zagaye bayan zagaye, a cikin allon faɗan nan da ka saba, yana da ƙarfin ramawa amma ya ƙi, saboda an ɗora maka makami a wuya. Ba ka da umarnin da za ka danna. Bayan shekaru a cikin labarin, kai ne uba, 'ya'yanka biyu suna bayanka a ayari, kuma na tarar da kaina ina duba lafiyarsu kafin tawa bayan kowane faɗa.